Zauren 'Yan Mata: In Hutu Ya Kai Ki Bakin Gulbi

Na san da yawanku in an yi hutun makaranta ana kwasar ku zuwa ganin dangi a Anka, Bukkuyum ko Gummi. To da damina Gulbin Zamfara cika yake yi, wasu ƙauyukan sai da kwale-kwale.

Ba tsoro nake ba ku ba, amma a Satumbar 2024 jirgi ya kife a Gummi da manoma masu tafiya gona, aka rasa rayuka da dama. Allah Ya jiƙansu.

Ke baƙuwar ruwa, ga shawarata. In kin ga an maƙare jirgi da mutane da buhuna, ki ce wa Baba ku jira sawu na gaba, kada kunya ta rufe miki baki. Ki zauna tsakiya, ban da miƙewa ko leƙen ruwa. Gyalenki ki ɗaure shi a ƙugu. Ki riƙe hannun ƙaninki gam. In da rigar ruwa, ki saka, ba ƙauyanci ba ne. Hadari ya haɗo ko magariba ta gabato, ku kwana nan, gwaggo ba za ta gudu ba.

Kada ki manta addu'ar shiga jirgi. Sai fitowa ta gaba.

Taku,
Anti