RUMANA TA CANCANCI SHIGA LAMBU

Wanda ya ratsa jeji da tsakiyar damina, a ƙasar Zazzau ko kan tudun Jos, ya yiwu ya ga wani tsiro mai ganye tsaye kamar takobi, da furanni ja gauraye da rawaya jere a kara ɗaya. Ita ce rumana. Turawa na kiranta giladiyolas, dangi ɗaya ce da furen da suke kira ayiris.

Tana fita a fili mai ciyawa, da saura, da gindin duwatsu, tun daga Sanagal har Habasha da Afirka ta Kudu. Tsawonta yakan kai ƙafa 3 ko 4. Tana da kai cikin ƙasa kamar na albasa, sai dai tauri gare shi. Da kaka ganyen ya bushe, kan ya yi ta barci har ruwa ya sauka.

To, ta dace da lambu? Lalle ta dace. Tun kafin 1830 aka kai irinta Turai daga Natal, aka yi ta barbararta da 'yan'uwanta, har aka sami manyan giladiyolas da ake sayarwa yau. Watau mai sayen na Turai jika yake saye da tsada, ga kakar a jeji kyauta. Kuma ba ta bukatar ban ruwa da rani.

Amma akwai sharaɗi. Kada a tone ta tana fure, gama kan bai ƙosa ba. A kafa sanda a gindinta, a dawo bayan ganye ya bushe. A ajiye kan cikin busasshen yashi a inuwa. Da ruwa ya zauna a dasa, zurfin inci 4, tazarar inci 6, a ƙasa mai tsane ruwa da ke samun rana. Inda ruwa ke kwanciya ruɓewa takan yi. Sau ɗaya take fure a shekara. Mai gaggawa ya nemi wani fure.

Babban abu kuwa, kada a kwashe duka. Gonaki suna cin jeji, masu magani ma suna haƙarta. In an tarar da goma, a ɗauki biyu. Ƙananan 'ya'yan da ke manne da kan su ma iri ne, cikin shekara 2 ko 3 za su yi fure. Malaman makaranta masu lambu, ga aiki ga yara bana.