Dofamin da takardun gwajinmu

Malamanmu, da ladabi muke wannan magana. Kusan kullum a taron safe ana ce mana waya ta cinye mana hankali, kuma ba mu musa ba. Amma da muka bi diddigin abin, sai muka ci karo da wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, ɗaya daga cikin waɗanda ƙwayoyin jijiya ke amfani da su wajen miƙa wa juna saƙo. Arvid Carlsson, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya gano wannan aiki nasa a ƙarshen shekarun 1950, har ya samu kyautar Nobel a 2000.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne gwajin da Wolfram Schultz ya yi da birai. Idan aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, ƙwayoyin dofamin ɗinsa sukan zabura. Da ya saba ana kunna haske kafin ruwan ya zo, sai zaburar ta koma kan hasken. In kuwa aka kunna hasken aka hana shi ruwan, sai su yi tsit. Wato dofamin yana auna tazarar da ke tsakanin abin da ka yi tsammani da abin da ya faru, da haka ƙwaƙwalwa ke gyara kuskurenta.

Masu TikTok sun iya cin moriyar wannan. Kana shafa allo, ba ka san me zai fito ba, amsa kuma tana zuwa nan take.

Mu fa? Mu yi gwajin lissafi yau, takardar ba za ta dawo ba sai bayan mako uku, wani lokaci sai ranar karɓar sakamako. Kafin nan mun manta me muka rubuta a tambaya ta huɗu, balle dalilin da ya sa muka rubuta shi. Jan biron ya zo ya tarar ba mai jiransa.

Mun san malami ɗaya kan riƙe azuzuwa da yawa, kowanne maƙil da ɗalibai, ba ma raina wannan wahala. Roƙonmu ƙarami ne: a rage tsawon gwajin mako, ko tambaya biyar ce ta isa, mu yi musayar takardu a aji, malam ya warware amsoshin a allo kafin a kaɗa ƙararrawa. Babban gwaji kuma ya dawo hannunmu kafin mako ya zagayo.