Mai Cin Daddawa Ya San Aikin Jemage Kuwa?

Dab da magariba, sararin da ke saman Asibitin Soja na 37 a birnin Accra, kusa da unguwar Nima, yakan cika da jemagu har ya yi duhu. Dubbai ne suke sakin bishiyoyin bakin titi su bazama neman abinci. Masu bincike na cibiyar Max Planck ta Jamus, tare da takwarorinsu na Ghana, sun ɗaura wa wasu daga cikinsu ƙananan na'urorin bin sawu. Sakamakon da suka fitar a 2019 ya nuna cewa jemage ɗaya na iya kai ƙwayar iri har nisan kilomita 75, kuma garken da ya kai 150,000 na iya watsa ƙananan iri fiye da 300,000 a dare guda.

Irin wannan jemagen, da danginsa manya da ƙanana, suna nan a ƙasar Hausa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu tsayawa su kalle su. Yaro na iya bambance kurciya da hasbiya tun daga nesa, amma jemage a wurin yawancin mutane abu ɗaya ne: baƙin abu mai kwana kai a ƙasa, wanda ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi, hakkinsa kawai dutsen danƙo. Alhali a duniya akwai nau'in jemage sama da 1,400, Najeriya kaɗai tana da kusan 100. Dabba ce mai haihuwa ta shayar da nono, kuma ba makauniya ba ce.

Koyon bambance su bai da wuya. Babban da ake gani a Accra, wanda masana ke kira Eidolon helvum, fuskarsa kamar ta ɗan kwikwiyo take, idanunsa manya, gashin wuyansa ruwan ɗorawa, fikafikansa kuma in ya buɗe sukan kai wajen santimita 80. Yana rataye ne a fili, cunkus a kan rassa, da hayaniya ko da rana tsaka. Akwai sanannen garkensa a harabar jami'ar Ile-Ife, kuma idan damina ta kama yakan hauro arewa yana bin 'ya'yan itace. Na biyu ya fi shi ƙanƙanta, ruwan ƙasa ne, da ɗan farin gashi a gindin kowane kunne. Yana ɓuya cikin ganyen mangwaro ko darbejiya, kuma namijinsa ne ke yin wannan ƙara mai maimaituwa cikin dare, wadda mutane da dama ke ɗauka ta tsuntsu ce ko ta kwaɗo. Sai ƙananan da ke zubowa daga ƙarƙashin rufin kwano na makarantu da tsofaffin gidaje. Waɗannan ƙwari suke ci, fikafikansu sirara ne, tashinsu da sauri, wutsiyarsu kuma a fito take kamar ta ɓera. Da amon muryarsu suke gane hanya da abin farauta, sautin da kunnen mutum ba ya kama mafi yawansa. Wasu masu dogayen kunnuwa kuwa sun fi son kogon kuka da tsohuwar rijiya.

Me zai sa magidanci ya ɓata lokacinsa kan wannan? Amsar tana cikin tukunyar miya. Ɗorawa tana fure da rani, jajayen dunƙule masu reto a dogon sili, kuma da dare suke zubo da zaƙinsu. Tun a 1957 masana biyu, Baker da Harris, suka rubuta yadda suka ga jemagu a Ghana suna sauka kan furannin nan suna lasa, garin furen yana manne musu a gashi, su kai shi wata bishiyar. Da haka ɗorawa ke samun barbara ta yi 'ya'ya, a fitar da kalwa, a dafa daddawa. Ƙudan zuma ma suna taimakawa, amma babban aikin dare na jemage ne. Haka farin furen kuka, wanda ke buɗewa da almuru ya yi yaushi washegari. Haka rimin da Zariya ta yi suna da shi. Kaɗanya kuwa, jemage kan ɗauki ɗanta ya tafi wani wuri ya cinye naman ya yar da ƙwallon, ya zama ya yi shuka ba da saninsa ba. Matar da ke sayar da daddawa ko man kaɗe tana cin moriyar dabbar da 'ya'yanta ke jifa.

Masu ƙorafi suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Mai lambun mangwaro yana asara, kashin ƙananan jemagu a cikin silin yana wari, batun cuta kuma gaskiya ne. A 1956 aka gano wata ƙwayar cuta dangin ta haukan kare a jikin jemagu a Legas, cutar Marburg kuma an tabbatar tana zaune a jikin wani nau'in mai kwana a kogo. Sai dai wanda ya fi shiga hatsari shi ne mai kamawa, mai fiɗa, da mai kutsawa kogonsu. Wani bincike na 2011 ya kiyasta cewa ana sayar da aƙalla jemagu 128,000 a shekara a kudancin Ghana domin nama, ga dabbar da uwa ke haifar ɗa ɗaya tak a shekara. Mai kallo daga nesa ba ya taɓa jini, ba ya shan cizo. Masu shan jini da ake tsorata yara da su kuwa nau'i 3 ne kacal, dukansu a nahiyar Amurka.

Kallon ba ya bukatar kuɗi. Mutum ya samu bishiya ko ginin da suke kwana, ya tsaya ya fuskanci yamma inda sauran haske yake, ya lura da girmansu, da salon tashinsu, da inda suka nufa. Kada ya haska musu tocila, kada ya taɓa wanda ya faɗo. Idan ya rubuta kwanan wata da kiyasin yawansu sau ɗaya kowane wata, cikin shekara zai san lokacin zuwansu da na tafiyarsu. Da irin wannan ƙidaya ta 'yan sa-kai masana ke bin ƙaurar babban jemagen a ƙasashen Afirka da dama. A Zambiya, miliyoyin da ke taruwa a gandun Kasanka daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba sun zama abin da baƙi ke biyan kuɗi su gani.

A Najeriya ma an ga amfanin sa ido. A 2016 Iroro Tanshi ta gano wani ƙaramin jemage mai gajeriyar wutsiya a dajin tsaunin Afi na jihar Kuros Riba, bayan shekaru da dama ba a ji ɗuriyarsa ba, aikin da ya kai ta ga lambar yabo ta Whitley a 2021. Arewa na da kogunan duwatsu, da kukoki, da tsofaffin ganuwa da ke jiran irin wannan kulawa.

Malaman kimiyya na sakandare da sassan nazarin halittu na jami'o'in Kano, Zariya, Sakkwato da Maraɗi su ne ya kamata su fara: kowace makaranta ta ɗauki bishiya ɗaya ta jemagu, ɗalibai su riƙa ƙidaya. Masu unguwanni kuma su hana sare bishiyar da jemagu ke kwana a kai.