Gudun nisa ba sai da takalmi ba

Maraton gudu ne na kilomita 42 da mita 195. Ya fi nisan Shetimari zuwa Difa.

Ran 10 ga watan Satumba 1960, an yi wannan gudu a Roma, tsohon birni na ƙasar Italiya. Saboda zafi, da marece aka tashi, aka ƙare da dare. Abebe Bikila, wani sojan Habasha, ya bi hanyoyin dutse na birnin ba takalmi. Shi ya zo na ɗaya, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16.

Wasu ƴan makaranta suna cewa gudu sai mai takalmi mai tsada. Wannan magana ba daidai ba ce. Abebe ya yi nasara don ya daɗe yana horo, kuma ya san yadda ake tattalin ƙarfi. Mai fara gudu da gaggawa shi ke fara gajiya.

Yaran Shetimari sun saba da tafiya. Suna bin dabbobi kiwo, suna zuwa gonakin tattasai a bakin Komadugu. Ƙarfin ƙafa yana nan, horo ne ya rage.

Ya kamata kowace makaranta ta ware lokacin gudu, maza da mata. A yi shi da sassafe, a fili marar ƙaya, a sha ruwa. Yaro ya fara da kilomita ɗaya, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.