Ceton Baƙo a Bakin Hanya: Darasin Katagum ga Ma'aikatan Tarayya

Duk ma'aikacin da ya taɓa zuwa Arewa maso Gabas ta Kano ya san Azare, domin garin na kan babbar hanyar da ta bi ta Potiskum da Damaturu har Maiduguri. Motocin haya da tireloli da tankokin mai suna ratsa shi dare da rana, kuma hanya irin wannan ba ta rabuwa da hatsari. Abin damuwa a kan manyan hanyoyin ƙasar nan shi ne abin da ke biyo bayan hatsarin. Jama'a kan taru, wasu su zaro waya suna ɗaukar hoto, amma a daɗe ba a sami wanda zai buɗe motarsa ya kai mai rauni asibiti ba.

Galibin masu ja da baya tsoro ne ke hana su. Wanda ya ɗauki baƙon da bai sani ba yana fargabar a tsare shi a asibiti sai ya biya kuɗin kafin alƙalami, ko kuma idan rai ya yi halinsa ya kwana a ofishin 'yan sanda yana amsa tambayoyi. Shekarun rashin tsaro sun ƙara dagula al'amarin. Azare kanta ta ɗanɗana tashin bama-bamai a tashar mota da kasuwa a ƙarshen shekarar 2014, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan tsoro yana da dalili, sai dai ƙasar da ta bar shi ya yi mata jagora za ta wayi gari kowa na mutuwa a gaban idon kowa.

Tarihin masarautar Katagum ya nuna wata hanya dabam. A farkon watan Janairun 1824 wasu Turawa biyu, Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwa, da Dokta Walter Oudney, suka iso birnin Katagum daga Kukawa ta ƙasar Barno. Ba su da dangi a ƙasar, addininsu dabam, ga shi likitan yana fama da matsanancin ciwo. Sarkin Katagum na lokacin, Ɗankauwa, ya karɓe su, ya ba su masauki da abinci, sannan ya sallame su da mutunci. Oudney ya rasu ranar 12 ga watan a wani gari da Clapperton ya rubuta sunansa Murmur. Shi kuwa Clapperton ya wuce Kano, a watan Maris ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Littafin tafiyar da aka buga a Landan a 1826 ya adana labarin wannan karamci, kuma har yau, bayan shekara 200, masu nazarin tarihin Daular Usmaniyya suna cin karo da sunan Ɗankauwa a matsayin sarkin da ya girmama baƙo.

Wani zai ce ai 'yan'uwan waɗannan baƙi ne suka dawo da bindiga a 1903 suka ci ƙasar. Haka ne. Alheri ba ciniki ba ne da za a ce lallai riba ta fito daga hannun wanda aka yi wa. Amma abin da Hausawa ke nufi da cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, shi ne yakan maƙale a wani wuri, wani lokaci ya dawo bayan shekaru ta ƙofar da ba a zata ba.

Misali mafi kusa ya faru a Jihar Filato, maƙwabciyar Bauchi. Ranar 23 ga Yunin 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi. Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, dattijo mai shekara 83, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum 262, mafi yawansu Kirista, ya tsaya a bakin ƙofa ya hana maharan shiga. An ruwaito cewa shekaru da dama kafin wannan rana, Kiristocin yankin ne suka bai wa Musulmi filin da aka gina masallacin. Waɗanda suka ba da filin ba su san cewa mafakar 'ya'yansu da jikokinsu suke tanada ba. Shi ma limamin alherinsa ya same shi, domin gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba shi lambar girma ta ƙasa a 2022.

Addini ma bai bar wannan al'amari ga son ran mutum ba. Matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin rukuni takwas da aka wajabta bai wa zakka, ko da kuwa mawadaci ne a garinsu. Dokar ƙasa ita ma ta yi magana. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa duk wani asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa. Dokar 2017 kan waɗanda harbin bindiga ya samu ta wajabta wa asibiti karɓarsu ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ko biyan kuɗi ba, ta kuma hana muzguna wa wanda ya kawo su da tambayoyi marasa tushe.

Matsalar ita ce talaka bai san da waɗannan dokoki ba, kuma sau da yawa mai karɓar kati a asibiti da ɗan sandan da ke kan kanta su ma ba su sani ba. A nan ne aikin ma'aikatan tarayya da hadiman masu riƙe da muƙamai ya shigo, domin su ne ke rubuta takardun umarni, su ne ke tsara kasafi, su ne ke tuna wa minista abin da ya manta. Kamata ya yi Ma'aikatar Lafiya ta umarci asibitocin tarayya, har da na Azare, su liƙa sashe na 20 a ƙofar sashen gaggawa da Hausa da Turanci. Wajibi ne kuɗin jinyar gaggawa su riƙa isa asibitoci a kan lokaci, tun da asibitin da ake bi bashin magani shi ne ke fara neman kuɗi kafin ya taɓa majinyaci. Rundunar 'Yan Sanda da Hukumar Kiyaye Haɗurra su sanar a gidajen rediyo da tashoshin mota cewa kai mai rauni asibiti ba laifi ba ne.

Majalisar Dokoki ta Ƙasa kuma tana da giɓin da za ta cike. Kariyar da dokar 2017 ta bayar ta shafi masu taimakon wanda aka harba ne, alhali direban da ya ɗauki wanda mota ta kaɗe shi ma yana bukatar irinta. Indiya ta riga ta bi wannan hanya: Kotun Ƙolinta ta amince da ƙa'idojin kare masu ceton waɗanda suka yi hatsari a 2016, majalisarta kuma ta shigar da kariyar cikin dokar motoci a 2019. Babu abin da zai hana Najeriya yin haka.

Ma'aikacin tarayya ya fi kowa cancantar fahimtar wannan batu, saboda aikinsa baƙunci ne. Ana iya tura ɗan Katagum Kalaba, a tura ɗan Inugu Azare. Masarautar Katagum ta bai wa ƙasar nan irin su Alhaji Sule Katagum, wanda ya shugabanci hukumar kula da ma'aikatan tarayya, da Alhaji Aminu Saleh da Alhaji Mahmud Yayale Ahmed, waɗanda suka riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya, kuma dukansu nesa da gida suka yi hidima, a garuruwan da su ne baƙi. Jami'in da ke rattaba hannu a takarda yau a Abuja, gobe yana iya kasancewa a kan hanyar gida da sallah, inda babu wanda ya san muƙaminsa. Idan ƙaddara ta faɗa masa, rayuwarsa za ta rataya ne a kan ko direban da ke bayansa zai tsaya, da kuma ko asibitin da ke gaba zai buɗe ƙofa. Tsarin da ya gyara domin baƙon da bai sani ba shi ne zai tarar a ranar. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kuma bai wa masu riƙe da alƙalami ikon sauƙaƙa wa masu alheri.