Shawara ga Sababbin Malamai Kan Riƙon Aji

Kowace shekara makarantun sakandare kan karɓi baƙi daga kwalejojin ilimi da jami'o'i, wato ɗaliban malanta da ake turowa su gwada koyarwa. Yawancinsu sun san darasinsu sarai. Abin da ke kada su shi ne riƙon aji. Da surutu ya tashi, sai wani ya aika a yanko tsumagiya, wani ya ce kowa ya durƙusa. A ganina wannan ɓata lokaci ne. Natsuwar aji tana farawa ne daga shirin malam, tun ba a buga ƙararrawa ba.

Wani masanin ilimi na Amurka, Jacob Kounin, ya ɗauki bidiyon azuzuwa da dama, ya kuma fitar da sakamakon bincikensa a littafi a 1970. Ya gano cewa malaman da ajinsu ke natse ba su fi sauran iya horo ba idan an riga an yi laifi. Inda suka yi musu fintinkau shi ne hana laifin aukuwa: idonsu na kan kowa, kuma darasinsu ba ya tsayawa. Da ma Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, ina tsagewar take? Da farko, rashin sanin suna. Malam, tun makon farko ka zana taswirar zaman aji ka haddace sunaye. "Kai, na baya can!" ba ya tsayar da kowa, amma yaron da ya ji sunansa nan take zai shiga taitayinsa.

Na biyu, mintoci biyar na farko. Ka shiga da allinka a hannu, ka rubuta ɗan aiki a allo, kowa ya kama yi kafin ka buɗe rajista. Kada ka daɗe kana ba aji baya. Riƙa zagawa tsakanin layuka, domin tsayuwarka kusa da mai surutu ta fi tsawa aiki.

Na uku, adalci. Kada ka hori aji duka saboda mutum biyu, don ranar nan masu natsuwa ma za su juya maka baya. Kada kuma ka yi barazanar da ba za ka iya cikawa ba. Mai taurin kai, kira shi gefe bayan darasi. In abin ya faskara, kai shi wurin malamin aji.

Wani zai ce wannan duk maganar ƙaramin aji ce. Gaskiya ne tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi ɗalibai 40 ga malami ɗaya a sakandare, alhali azuzuwa da yawa sun zarce haka nesa. Amma mu yi lissafi. Darasi minti 40 ne. Wanda ya tsaya bulalar yara 20, rabin lokacin ya tafi, sauran rabin kuwa kuka da gunaguni ne. Yawan yara ma shi ne dalilin yin shiri.

A ƙarshe, kira ga manyan malamanmu: zuwan ɗalibin malanta ba hutu ba ne gare ku. Ku zauna a bayan aji, ku gyara masa a keɓe. Ku kuma ɗalibai, ku sani in kun hana baƙon malami koyarwa, darasin da ya wuce ku ba shi zai gamu da shi ranar jarrabawa ba, ku ne.