Ɗan Daudu Ɗan Gida Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan boko da waɗansu masu wa'azi, watau wai daudu baƙon abu ne, Turawa suka shigo mana da shi ta silima da talabijin. Duk wanda ya faɗi haka, ko dai bai san ƙasar Hausa ba, ko kuwa ya sani yana take gaskiya da gangan. Mu da muke kiran kanmu ɗaliban harshen nan bai kamata mu bar wannan magana ta wuce salin-alin ba, domin aikinmu ke nan, mu bi kalma har ƙofar gidan da ta fito.

To, mu fara da sunan. Daudu dai kirari ne na Galadima, kowa ya taɓa tsayawa a fada ya ji maroƙa ya san haka. A cikin iskokin bori kuma akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki mai son ado da caca da ɓarin dukiya, kuma masu bincike da dama sun danganta sunan 'yan daudu da shi. Fremont Besmer, wanda ya buga littafinsa a kan bori a 1983, ya tarar da su tsundum a wajen wasa, suna rawa, suna liƙi, suna hidima. Bori kuwa ya girmi jihadin 1804, balle zuwan Lugga. Shin wane Bature ne ya zauna ya ƙago suna daga kirarin sarautarmu da iskokinmu, sa'an nan ya aiko mana da shi cikin jirgi?

Bar batun suna, je ka tasha. Wanda duk ya yi tafiyar dare a Arewa, ya sauka da yunwa a wata babbar tasha, ya san a rumfar wa ake samun tuwon shinkafa da miyar taushe mai zafi, da soyayyar kaza, da farfesu, a lokacin da gari ya yi tsit. Dalilin wannan a fili yake. Matar aure tana kulle, ba ta zaman tasha da tsakar dare. Namiji kuwa an hore shi tun yana yaro cewa taɓa muciya abin kunya ne. Direba da yaron mota da ɗan kamasho da fasinja kuma dole su ci. Wannan gurbi da al'adarmu ta buɗe da hannunta, 'yan daudu ne suka cike shi, kuma da guminsu suka cike shi. Haka nan a manyan bukukuwa, idan tukwane suka fi ƙarfin matan gida, an san waɗanda ake aika wa. Mun ci, mun side hannu, mun yi santi, yau kuma mu ce ba mu san su ba? Kai, jama'a, a ji tsoron Allah.

Na san abin da mai karatu zai ce: ai kawalci suke yi. Gaskiya ne, akwai masu yi, kuma Gerald Kleis da Salisu Abdullahi sun yi rubutu a kan haka tun 1983. Amma kawali ba ya aiki sai da mai aike. Wa ke aiken? Mai babbar riga ne, wanda ke faka mota daga nesa don kada a ga fuskarsa. In gari ya waye shi ne a sahun gaba wajen cewa a kama, a kore. Ba a taɓa jin an jefe shi a kasuwa ba.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ɗalibin Hausa shi ne harshensu. Ban san wani rukuni na Hausawa da ya kai su iya habaici da gugar zana da sarrafa karin magana ba. Ɗan daudu zai yanka ka da magana, sai ka isa gida ka ga jini. Suna kiran juna da "ke" da "ita", suna da ƙawaye, babba ya ɗauki ƙarami a matsayin 'ya, ya koya masa girki da ciniki da zaman duniya, ya ba shi wurin kwana ranar da danginsa suka kore shi. Suna biki, suna kai wa juna gudummawa, suna adashi. Suna kuma da nasu zaurancen da suke kira yaren harka, wanda za a yi shi a gabanka ba ka tsinci komai ba. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna salla, suna azumi, waɗansu sun sauke farali, waɗansu ma sun yi shekaru a Jidda suna sana'ar abinci. Wa ya tattara wannan duka ya rubuta? Wani Ba'amurke ne, Rudolf Gaudio, wanda ya zauna a Kano cikin shekarun 1990, ya fitar da littafinsa a 2009 da Ingilishi. Mu kuwa masu harshen, abin da muka iya shi ne mu kalli marigayi Ibro yana kwaikwayonsu a fim mu sheƙe da dariya. Sai an jima mu zo muna kukan cewa baƙi sun kwashe mana ilmi.

In ana neman abin da aka shigo da shi daga waje, a duba littattafan doka. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, an tsara shi ne bisa na Sudan, na Sudan kuwa bisa wanda Ingilishi suka yi wa Indiya a 1860. A cikinsa ne aka sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan iskan gari. Da wannan irin tuhuma aka kama mutum 18 a Bauchi a 2007. A Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar da ta yanka shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga shiga ƙungiyarsu, kuma a cikin watan nan ne taron jama'a suka yi ta jifan wata kotu a Bauchi suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma. A Disambar 2022 Hisba ta kama mutum 19 a Kano bisa zargin bikin aure. Ina tambaya: mai tuya a tasha wane aure ya nema? Ƙurar da aka tayar a Abuja don neman ƙuri'a, a kan talaka mai rumfa ta sauka.

Ba na cewa addini ya halatta luwaɗi, malamai sun yi bayaninsa, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Amma daudu da luwaɗi kalmomi biyu ne, kuma Bahaushe bai raba su a banza ba. Malaman da suka riga mu sun fi mu natsuwa a nan. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya rarrabe tsakanin wanda aka halitta da ɗabi'ar mata a magana da motsi, ya ce wannan babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. A Madina kanta an san irin waɗannan mutane tun zamanin farko. Fiƙihun Malikiyya da muke bi ya ce sai da shaidu huɗu ko iƙirari kafin a yi maganar haddi, Suratul Hujurati kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. To, wanda ya fasa ƙofa da dare, da wanda ya ɗauki hoton bawan Allah ya watsa a waya, da yaran da ke bin mutum da duwatsu don tafiyarsa ta yi rangwaɗa, a wane babi suka karanta nasu hukuncin? Sau da yawa ma ba kishin addini ba ne, hanyar tatsar kuɗi ce: ka biya ko a tona ka.

Saboda haka ina kira ga wannan ƙungiya tamu. Kowace shekara ana rubuta kundayen digiri a kan ƙira da jima da dukanci da wanzanci, har an fara maimaita juna. Tsofaffin 'yan daudu da suka ga zamanin En'e, suka san yadda bukukuwan Sabon Gari suke kafin shari'ar 2000, suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da rumbun karin magana a cikinsa. A samu ɗalibai biyu ko uku masu kamun kai su je su zauna da su, su gaishe su da Alhaji ko Baba yadda ake gaida kowane dattijo, su nemi izini kafin su kunna rikoda. A sauya sunaye da unguwanni, gama dokar 2014 tana nan, kada bincikenmu ya zama jagoran 'yan sanda. Abin da aka samo kuwa a rubuta shi da Hausa, a ajiye kwafi a ɗakin karatu na sashe.